Daga Kontar Zuwa Randa: Tsohon Tiyo a Gidajen Mayahi da Tasawa

Jama'ar Mayahi da ta Tasawa ba sai an gaya musu darajar ruwa ba. Gulbin Kaba, wanda garin Mayahi yake zaune a bakinsa, ya daɗe da daina gudu, sai suna da itatuwan goruba suka rage. A kan tudu kuwa akwai rijiyoyin da zurfinsu ya wuce gaba 20, waɗanda sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya kafin guga ya fito. Iyayenmu mata da suka yi zamani da wannan aiki, har yau kantar igiya tana nan a tafin hannunsu. Saboda haka duk gidan da aka ja wa pampo, ranar ta zame masa ranar buki. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, tiyon da aka binne a wannan rana shi ma yana da shekarunsa, yana tsufa kamar kowane kayan aiki, kuma tsufan nasa a ɓoye yake yi, a ƙarƙashin ƙasar da muke takawa.

Sha'anin ruwa a ƙasarmu ya bi hannuwa da yawa. A 1963 aka kafa OFEDES, wadda ta gina rijiyoyin siminti a karkara. Ruwan birane kuwa ya zauna a hannun NIGELEC har aka kafa SNE a 1987. A 2001 aka raba aikin gida biyu: SPEN ta riƙe dukiyar, wato foraji da shato da manyan tiyo, SEEN kuma ta riƙe rabon ruwa da karɓar kuɗi. Daga watan Janairu na 2024 sabon kamfanin ƙasa, NDE, ya gaji SEEN. A manyan ƙauyuka irin na wajen Kanambakashe, Sarkin Hausa, Maijirgi ko Urafan, inda aka kafa ƙananan shato, dokar ruwa ta 2010 ta ɗora nauyin a kan hukumomin komin, su kuma sukan damƙa gudanarwar ga ɗan kasuwar da suka yi yarjejeniya da shi.

Sunaye sun sake sau da yawa, amma akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta sake ba. Daga shato zuwa ma'aunin ruwa, wanda muke kira kontar, aikin mai rabon ruwa ne. Daga kontar zuwa randa, aikin maigida ne. Duk ruwan da ya wuce ta kontar an riga an rubuta shi a sunan mai gidan, ko an sha shi, ko an yi wanki da shi, ko ƙasa ce ta shanye.

Rairayi mai rufa asiri

A garin da ƙasarsa laka ce, in tiyo ya fashe ba a daɗewa sai taɓo ya bayyana a tsakar gida, kowa ya gani. Ƙasar Mayahi ba haka take ba. Jigawa ce, rairayi ne mai shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga Azbin. Tiyo yana iya yin wata uku yana yoyo a ƙarƙashin zaure, sama kuwa a bushe ƙamas. Shi ya sa magidanta da yawa ba su sanin halin da suke ciki sai ranar da takardar kuɗin ruwa ta zo da abin da ba su saba gani ba. Nan take sai a ce kontar ta lalace, ko a ce mai karatun kontar ya yi ƙari, ko a juya kan matan gida da yara a ce su ne masu ɓarna. Kontar takan lalace, gaskiya ne, kuma mai gida yana da ikon neman a gwada ta. Amma kafin ya tafi ofis da fushi, akwai binciken da zai iya yi da kansa ba da ko dala ɗaya ba, in dai ya san lambobi. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya san abin da ya fi haka.

A fuskar kontar akwai lambobi iri biyu. Baƙaƙen su ne na mita-kib, waɗanda ake biyan kuɗi a kansu. Jajayen su ne na abin da bai kai mita-kib ba. Mita-kib ɗaya lita 1000 ne, wato tano 5, ko bido 40 na lita 25. A tsakiyar fuskar kuma yawanci akwai wata ƴar tauraruwa mai juyawa da zarar ruwa ya motsa, ko kaɗan ne. To, a zaɓi lokacin da akwai ruwa a gari, domin in an ɗauke ruwa gwajin ba shi da amfani. A rufe dukan kawunan pampo na gidan, a gargaɗi kowa kada ya taɓa. A rubuta lambobin duka, baƙaƙe da jajaye, a takarda. Bayan awa ɗaya a komo a duba. In lamba ta motsa, ko tauraruwa tana juyawa alhali ba mai ɗibar ruwa, to akwai ɓarawo a gidan, kuma ba ta ƙofa ya shigo ba.

Kada mai karatu ya raina ɗan yoyo. Mu ɗauka ruwan da ke zuba yana cika kwalbar lita ɗaya cikin minti 10. A awa lita 6 ke nan, a kwana lita 144, kusan bido 6. A wata ya wuce mita-kib 4. Ga shi kuma kuɗin ruwan birni hawa-hawa ne: abin da aka sha na farko yana da rangwame don talaka, abin da ya ɗaru a kai ya fi tsada. Yoyo yakan tura gida daga hawan rangwame zuwa na sama, sai mutum ya biya ruwan da bai sha ba da farashin masu hali.

Bayan kontar akwai wasu shaidu. Ciyawa ɗanya a wuri ɗaya cikin watan Afrilu shaida ce. Haka nan wurin da kaji da agwagi suka nace wa tono, da jerin tururuwa a gindin bango, da farin gishiri-gishiri da ke fitowa a jikin shafe. Matan gida su ne suka fi saurin lura da irin waɗannan, don su ne ke share tsakar gida safe da yamma. Maigida mai hankali yakan tambaye su kafin ya kira mai gyara.

Ƙofa mai fita, ƙofa mai shiga

Hasarar kuɗi ita ce ƙarama. Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi wannan bayani shi ne abin da ke faruwa sa'ad da aka ɗauke ruwa. Duk mai pampo ya san cewa da bazara, in zafi ya yi tsanani, ko in wutar lantarki ta ɗauke injin ya tsaya, ruwa yakan yanke awoyi. Muddin akwai ruwa da ƙarfinsa cikin tiyo, ta hudar nan waje yake fita. Da zarar ƙarfin ya tafi, sai tiyo ya zama fanko, ruwan da ya rage a ciki ya gangara baya yana zuƙo iska. Wanda ya taɓa sa yatsa a bakin pampo a irin wannan lokaci ya ji yadda yake tsotsa. To, haka hudar da ke ƙarƙashin ƙasa take tsotsar abin da ke kewaye da ita. In tiyon ya bi ta kusa da masai, ko ramin ruwan wanka, ko turken awaki, abin da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan shi ne zai shiga. In ruwa ya komo, shi ne na farko da zai sauka cikin randa.

Ruwan ya bar shato da tsabtarsa da maganinsa, ya yi tafiya mai nisa lafiya, sai ya zo ya gurɓace a taku goma na ƙarshe, cikin gidan mai shi. Jahar Maraɗi ta ga annobar zawo da amai a 2018, wadda ta fara daga wajen Madarunfa, ta sake ganin wata a 2021. Wannan cuta da ƴan uwanta, irin su zazzaɓin taifot da atini, duk ta hanya ɗaya suke bi: daga bayan gida zuwa baki. Tiyo mai huda kusa da salga hanya ce buɗaɗɗiya a gare su, kuma yara ƙanana ne suka fi shan wuyarta.

Sai kuma bango. Yawancin gidajenmu na ƙasa ne, ko tubalin laka da aka shafe da siminti. Tiyo mai yoyo a gindin irin wannan bango yana jiƙa tushensa kullum, ƙasar tana laushi, gara tana samun wurin zama. Daga waje bangon yana tsaye lafiya. Sai damina ta zo da ruwa irin na 2024, wanda ya rushe gidaje da yawa a jahar nan, a ce ruwan sama ne ya kayar da shi. Ruwan sama ƙarasawa ya yi.

Galba, roba da robar taya

Tsofaffin gidajen da suka sami pampo da wuri, da gidajen ma'aikata da makarantu na da, yawanci da tiyon ƙarfe aka yi musu aiki, wanda masu gyara ke kira galba. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya don kada ya yi tsatsa. Da tafiyar shekaru tutiyar takan cinye, tsatsa ta kama daga ciki, ta yi ta taruwa har hanyar da babban yatsa ke shiga ta koma kamar ta tsinke. Alamarsa biyu: ruwa ya riƙa zuwa ja da safe, kuma ƙarfinsa ya ragu alhali na maƙwabci yana zuba sosai. Wurin da yake fara hujewa shi ne bakin zare, inda aka haɗa biyu, domin nan ne aka yanke tutiyar ƙarfen kuma ya yi siriri.

A nan ne mutane da yawa suke jefa kuɗinsu rijiya. Tiyon galba in ya huje a wuri ɗaya saboda tsufa, sauran jikinsa ma shekarunsu ɗaya da wurin. A yanke a sa sabon guntu yau, bayan wata biyu ya huje gaba kaɗan, a sake kiran mai gyara, a sake tone tsakar gida. In aka tara kuɗin faci uku ko huɗu, da abin da ƙasa ta sha a tsakani, sau da yawa sun isa a sake layin gaba ɗaya. A ganinmu, galban da ya huje sau biyu cikin shekara ɗaya ya gama aikinsa, a cire shi.

Maganin da kowa ya sani shi ne robar ciki ta tayar keke ko babur. A yanko ta, a naɗe wurin tamau, yoyo ya tsaya. Ba mu raina ta ba: da tsakar dare, ko ranar da ba mai gyara a gari, ta fi barin ruwa yana kwarara. Amma ta kwana biyu ce. Rana tana busar da ita, ƙasa tana ruɓar da ita, kuma ko ta hana ruwa fita da yawa, ba ta hana ƙazanta shiga in tiyo ya fara tsotsa. Abin takaici, akwai gidajen da robar kwana biyu ta shekara biyar a binne.

Tiyon da ake samu yanzu a shagunan Tasawa da Maraɗi, da wanda ke zuwa daga Kano da Katsina, yawancinsa na roba ne, ba ya tsatsa, amma ba duka ɗaya ba ne. Akwai PVC mai ruwan toka, shi ma iri biyu: mai kauri na ruwan pampo, da mara kauri wanda aka yi don fitar da ruwan wanka. Na biyun ya fi araha, saboda haka akan sa shi inda bai kamata ba, ya fashe da zarar ruwa ya zo da ƙarfi. Har tiyon da ake zura wayar lantarki a ciki an ga ana jan ruwa da shi. Araha ba ta ado. A jikin tiyo na gaskiya akwai rubutu mai nuna faɗinsa da ƙarfin ruwan da yake ɗauka, haruffan PN da lamba a gabansu, kamar 10 ko 16. Mai saye ya nemi a nuna masa wannan rubutu. PVC kuma ba ya shiri da rana: in aka bar shi a fili, yakan bushe ya yi gautsi, har tuntuɓen yaro ya karya shi.

Don layin da ke bin ƙasa daga kontar zuwa cikin gida, baƙin tiyon nan mai zuwa a naɗe kamar igiya, wanda ake kira polietilen, shi ya fi dacewa. Yana lanƙwasuwa, yana jimre rana, kuma ana iya shimfiɗa shi tun daga ƙofar gida har makewayi ba tare da haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan babban abu ne, domin yawancin yoyo a mahaɗa yake farawa. Na cikin ɗaki da jikin bango kuwa, akwai koren tiyo, PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi har bakin biyu su narke su zama ɗaya. Yana da kyau ƙwarai in mai aikin ya iya. In ya bar shi ya narke fiye da kima, robar takan toshe hanyar daga ciki, maigida ya yi ta mamakin sabon tiyo mara ƙarfin ruwa.

Ranar aiki

Maigida ba sai ya zama mai gyaran pampo ba, amma ya kamata ya tsaya a kan aikinsa kamar yadda yake tsayawa a kan magini. Kafin a sa magirbi a ƙasa, a zauna a shata hanyar da sabon layi zai bi. Ba dole ya bi sawun tsohon ba, domin gidan ya sake tun lokacin: an ƙara ɗakuna, an cike tsohon masai an gina sabo, bedin da aka dasa yana ɗan tsiro yanzu saiwarsa ta mamaye tsakar gida. A nisanta shi da masai da ramin wanka iyakar abin da gidan ya ba da hali, ko da hakan zai ƙara ƴan mitoci. Kada ya bi ta ƙarƙashin ɗaki, kada kuma ya jingina da gindin bango. Ramin ya kai zurfin kamu ɗaya ko fiye, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe. A nan rairayinmu ya yi mana rana, don ba shimfiɗar da ta fi shi. Inda amalanke ke shiga da fita, a zura tiyon cikin wani babba don nauyi kada ya murƙushe shi.

Nan da nan bayan kontar a sa makulli na gidan, wanda in an murɗa shi ruwa ya tsaya ko'ina, kuma a nuna wa uwargida da manyan yara yadda ake rufe shi. Sau da yawa tiyo yakan fashe maigida yana gona ko kasuwa. Kontar ɗin kanta da hatimin da ke jikinta ba a taɓa su. In yoyon yana gabanta, wajen titi, ba aikin mai gyaran unguwa ba ne, a sanar da ofishin ruwa ko mai gudanar da shaton ƙauye.

Akwai al'adar da ya kamata a hana, wato gasa bakin PVC da wutar kara don ya buɗe a cusa wani a ciki, saboda gudun sayen mahaɗi. Wurin da aka gasa ya riga ya raunana. A sayi mahaɗi da gam ɗinsa, a goge bakin biyu da kyau, a ba shi lokaci ya kama. Sa'an nan, kafin a mayar da ƙasa, a saki ruwa, a rufe kawunan pampo, a sake gwajin nan na kontar alhali ramin yana buɗe, kowa yana ganin kowane haɗi. Mai gyara na kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce yana sauri, a binne kawai, shi ne za a sake nema. A ƙarshe a bar ruwa ya zuba cikin tano na ɗan lokaci don ya wanke cikin sabon layin, a ba itace wannan ruwa. Mai ilimi kuma ya zana hanyar tiyon a takarda, ya ajiye tare da takardun gida, don ɗansa kada ya zo ya gina masai a kai nan gaba.

Kan pampon shi kansa yana bukatar ido. Yawanci da tagulla mai launin rawaya ake ƙera shi, kuma wani yakan ƙunshi dalma. Wani bincike da masana na jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka suka fitar a 2021, bayan sun gwada ruwan pampuna a karkarar Gana da Mali da Nijar, ya sami dalma fiye da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a kusan 9 cikin 100 na ruwan da aka ɗiba, ya kuma nuna kayan tagulla a matsayin babban tushenta. Mutanen ƙasar Hausa sun san illar dalma ga yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ruwan da ya kwana cikin kan pampo shi ya fi ɗaukarta, kuma tafasawa ba ta fitar da ita. Saboda haka ruwan farko na safe a tare shi don wanke-wanke, na sha da na kunun jariri a ɗiba bayan ya ɗan zuba. Ba kowace illa ce kuma daga tiyo take ba. A Tibirin Gobir, ruwan forajin da aka fara sha a 1985 ya zo da sinadarin fulor fiye da kima, ya ɓata haƙoran yara da yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Irin wannan daga tushen ruwan yake, sake tiyon gida ba ya maganinsa, sai gwajin hukuma.

Saura maganar gidajen haya da na gwamnati, inda mai biyan kuɗin ruwa daban, mai gida daban. Ɗan haya yakan ce ba zai gyara gidan wani ba, mai gida kuma ya ce ba shi ke shan ruwan ba, tiyo yana ta zuba a tsakaninsu. Abin da ya fi sauƙi shi ne ranar shiga gida su biyu su tsaya a gaban kontar, su yi gwajin awa ɗaya, su rubuta wanda zai ɗauki sake layi da wanda zai ɗauki ƙananan gyara kamar robar kan pampo. Shugabannin ma'aikatu da na makarantu da gidajen likita su ma suna iya sa mai gadi ya rubuta lambar kontar da yamma in an tashi, ya sake rubutawa da asuba. Ofishin da ba kowa a ciki bai kamata ya sha ruwa da dare ba.

Lokacin da ya fi dacewa da sake layi shi ne bayan kaka, sa'ad da an sayar da wake da gujiya akwai ɗan abin hannu, ƙasa ta bushe, masu gyara kuma ba su cika aiki ba. In aka bari har Maris ya shigo, ruwa ya fara yankewa, sai a rasa ma ranar da za a sami ƙarfin ruwan da za a gwada sabon aikin da shi kafin a binne.